Man Birki: Yadda Ake Gane Ya Mutu da Yadda Ake Canza Shi

Duk mai mota a Kano ya san juye. Ko wanda bai daɗe da fara tuƙi ba, in ka tambaye shi rabonsa da juyen baƙin mai zai faɗa maka wata, wani har da rana. Amma ka ce masa, "Alhaji, yaushe rabonka da canza man birki?" sai ya dube ka da mamaki ya ce, "Ai bai ragu ba." Wannan amsar ce ta sa na zauna rubutun nan, domin ni ma ita nake bayarwa kafin ranar da na ga abin da ya ishe ni.

Muna dawowa daga Jos ne da iyali, but cike da dankalin Turawa da kayan lambu, mota ta yi nauyi. A wata doguwar gangara na daɗe ƙafata na kan birki ina rage gudu. Can na ƙara takawa, sai feda ta tafi ƙasa salun-alun, kamar na taka soso. Allah ya taimake mu babu mota a gabana. Na yi ta buga fedar da sauri, na sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, na riƙa jan birkin hannu a hankali har muka tsaya a gefen titi. Bayan kamar rabin awa na taka, birki ya dawo daram kamar ba abin da ya faru. Da muka iso gida na kai wa bakanikena, ya buɗe murfin kofin man birki, ya tsoma sukundireba ya ɗago. Man ya yi baƙi kamar shayin da ba madara. Ya ce, "Oga, wannan man ai tun na Turai ne. Tafasa ya yi." Kofin kuwa cike yake, ko kaɗan bai ragu ba.

Abin da ke kashe man birki

In ka taka feda, ƙafarka ba ta taɓa taya. Fedar tana tura fistin ne a cikin masta, wato famfon birki da ke gaban feda ta cikin bonet, mastan ya matso mai ta cikin siraran fayif na ƙarfe da tiyon roba zuwa kowace taya, a can man ya tura fad ya cije faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ko a wasu tayoyin ya buɗa layinin, wato takalmin birki, ya kama diram daga ciki. Duk wannan aiki ya dogara ne a kan abu guda: mai ba ya matsuwa. Ƙarfin da ka sa a sama, shi zai isa ƙasa. Iska kuwa tana matsuwa, haka ma tururi. Da zarar ɗayansu ya samu shiga cikin layin, ƙarfin ƙafarka zai ƙare ne wajen matse shi, fad bai motsa ba.

To daga ina tururi zai fito? Man birkin da kusan duk motocinmu ke sha an yi shi ne da sinadarin gilaikol, shi kuma halinsa ke nan, yana zuƙar danshi daga iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Danshin yana shiga ta 'yar kafar numfashi da ke murfin kofi, yana ratsa jikin tiyon roba sannu a hankali, yana shiga duk lokacin da aka buɗe murfi. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa a ma'aunin Salshiyas. Man birki yana da lambobi da ake rubutawa a jikin kwalbarsa. Sabon mai mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma digiri 230. Amma in ruwan da man ya sha ya kai kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin da aka gindaya ya sauko da DOT 3 zuwa 140, DOT 4 zuwa 155. Dubi wannan tazara da kyau. Faifan birki yana wuce wannan zafin nesa ba kusa ba a doguwar gangara ko in mota ta ɗauki kaya, kuma wani kaso na zafin yana ratsawa ta fad da fistin ya isa ga man. Sai ruwan da ke ciki ya zama tururi, feda ta nutse. In ya huce tururin ya koma ruwa, birki ya dawo. Wannan dawowar ita ce babbar yaudara, don ita ke sa mutum ya ce ai motar ta warke, ya ci gaba da tafiya.

Ɓarna ta biyu a ɓoye take yin ta. Ruwan nan yana sa tsatsa a cikin masta, da fistin ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse faifai, da silindar tayoyin baya, da na'urar ABS mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, in motar na da ita. Kalifar da ta cije ta ƙi sakin taya, sau da yawa tsohon mai ne sila. Kuɗin gyaran na'urar ABS guda kuwa zai sayi man birkin shekaru masu yawa.

Na sha jin ana cewa Kano ƙasa ce busasshiya, wannan magana ta mutanen Legas da Fatakwal ce. Akwai ƙamshin gaskiya, don da hunturu da bazara iskarmu ba ta da danshi sosai. Amma daga Yuni zuwa Satumba fa? A watan Agusta motoci nawa ne ke kutsawa cikin ruwan da ya kwanta a titi har ya rufe rabin taya? Ga masu wankin mota da ke buɗe bonet su feshe injin da ruwa mai ƙarfi, har kan murfin kofin. Sannan yawancin motocinmu na hannu ne, sun yi shekaru a Turai ko Amurka, sun hau jirgin ruwa, sun zauna a bakin teku a Kwatano ko Legas kafin su iso nan, kuma da man da suka zo da shi ake ta yawo. Ƙara da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da cunkoson Bata da 'Yankura da Kurna inda ƙafa ba ta sauka daga birki saboda 'yan adaidaita sahu. Mai da ya riga ya sha ruwa, a irin wannan yanayi ba ya buƙatar gangarar Jos kafin ya ba ka kunya, musamman in akwai kalifa guda da ke ɗan riƙe taya tana tara zafi.

Yaushe ne lokacin ya yi

Lissafin man birki na shekaru ne, ba na tafiya kaɗai ba. Motar da ke ajiye a gareji ana fita da ita ranar Juma'a kawai, ita ma man birkinta yana shan danshi kamar na motar ɗan kasuwar da kullum yana hanyar Zariya. Yawancin kamfanonin Turai, irin su Mercedes da Volkswagen da Peugeot, shekara biyu-biyu suke cewa a canza. Honda ta fi cewa shekara uku. Littafin motarka shi ne alƙali in kana da shi. In babu, riƙe shekara biyu, ba za ka yi asara ba. Wanda kuma ya sayi motar hannu, ko ta Kwatano ko wadda aka yi amfani da ita a nan gida, shawarata ya canza man birki a makon da ya yi juyen farko, tunda babu wanda zai iya rantse masa shekarun man da ke ciki.

Dubawa ba ta cin minti biyu. Tsayar da mota a wuri mai daidai, buɗe bonet, duba can ƙurya ta ɓangaren direba, daidai saitin feda. Za ka ga ɗan farin kofin roba zaune a kan masta, an rubuta MAX da MIN a jikinsa. Goge ƙurar da ke kansa kafin ka taɓa murfin, ballantana da hunturu. Sabon mai garau yake, da ɗan rawaya-rawaya kamar tataccen man gyaɗa. In ya koma ruwan ƙasa ya tsufa. In ya yi baƙi ko ka ga gurɓi na yawo a ciki, ya daɗe da wuce lokacinsa. Sai dai launi ba ya faɗin duka gaskiya, mai yana iya zama da haskensa alhali ya sha ruwa. Akwai 'yar na'ura mai kama da biro da ake tsomawa a kofi ta nuna yawan ruwan da fitilu, wasu garejin suna da ita. In ta nuna kashi 3, kada a tsaya shawara.

Yanzu maganar raguwa, wadda a nan ne aka fi yin kuskure. Man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, ba ya ƙafewa kamar ruwan lagireto. In ka ga ya sauka, ruwa ba ya tsami banza. Ko dai fad ne ya cinye, fistin ya ƙara fitowa waje, mai ya bi shi ya cike gurbin, ko kuma akwai yoyo. Na farko a hankali yake faruwa cikin watanni, kuma maganinsa sabon fad ne, in an sa shi man zai hau da kansa. Na biyu kuwa gaggawa ne. Leƙa bayan kowace taya ka ga ko akwai jiƙa, bi tiyon roba da yatsa, duba ƙarƙashin masta, duba ma cikin mota saman feda. Mutumin da duk sati yake sayen ƙaramar kwalba yana ƙarawa bai gyara komai ba, yana rufe bakin mai ba shi labari ne kawai. Haka jar fitilar nan ta dashbod mai da'ira da alamar motsin rai a tsakiya: in ka sauke birkin hannu ba ta mutu ba, je ka duba kofi kafin ka fita unguwa.

Ita ma feda tana magana, kuma yana da kyau ka san harshenta don kada a canza maka mai alhali ciwon na wani wuri. Feda mai laushi da sai an buga sau biyu ko uku take kamawa, iska ce a layi ko mataccen mai. Feda da ke kamawa amma in ka danne ta a danja ka ji tana zurarewa ƙasa a hankali, galibi robobin cikin masta ne suka gaji, sabon mai ba zai warkar da su ba. Feda mai tauri kamar dutse, matsalar tana wajen baƙar tukunyar nan ta bayan masta da ke taimaka wa ƙafa da iskar injin. Ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, fad ne ya ƙare.

Sayen man

Karanta saman murfin kofin, an rubuta lambar da motar ke sha. DOT ɗin nan sunan ma'aikatar sufuri ta Amurka ne a taƙaice, ita ta tsara ma'aunin. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa. Motar da aka rubuta wa 3 za ta iya shan 4, amma wadda aka rubuta wa 4 kada a mayar da ita 3. Wanda za ka guje wa shi ne DOT 5 zalla, wanda ba a rubuta masa .1 a gaba ba. Shi da silikon aka yi shi, launinsa shuɗi mai ja-ja, ba ya gauraya da sauran, kuma ba a sa shi a mota mai ABS. Kada girman lamba ya ruɗe ka ka ɗauka ya fi kyau.

Sayi lita guda. Yawancin ƙananan motoci ba sa cinye ta duka, amma gara ya ragu da ya yanke maka ana tsakiyar aiki. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya ko a Sabon Gari, je shagon da ka sani, ka duba hatimin bakin kwalbar da idonka, ka tabbata ba a taɓa fasa shi ba. Jabu yana yawo a kasuwa, kuma araha ba ta ado a kayan birki. Kada ka karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwa, kada ka yarda da ragowar kwalbar da ta yi wata da watanni a buɗe a kan benci, don ta riga ta sha nata ruwan.

Abu biyu kuma nake roƙo da babbar murya. Kada man giya, ko man sitiyari, ko baƙin mai, ko kananzir ya kusanci kofin nan. Duk abin da aka samo daga fetur yana kumbura robobin birki, ko cokali guda ne, kuma in ya shiga sai an canza robobin layin gaba ɗaya. Sannan dabarar nan ta wasu direbobin haya ta kaɗa ruwan omo a zuba in mai ya tsiyaye a hanya. Na san abin da ke kai mutum ga haka, dare ya yi, ga fasinja, babu shago kusa. Amma ruwa ne fa, a digiri 100 zai tafasa, kuma rayukan mutane ne a bayanka. Kwalba guda sabuwa a cikin but ta raba ka da wannan.

Kayan aiki da shiri

Za ka nemi jak da wil-sifana, da abin tokare mota mai ƙarfi bayan an ɗaga ta, da weji na sa wa tayoyi. Sai sifana mai zobe daidai kan 'yar ƙusar fitar da iska, wadda kanikawa ke kira nifil, yawanci lamba 8 ko 10. Sai tiyo garau da ake ganin ciki, kamar kamu ɗaya da rabi, wanda zai kama kan nifil ɗin tsam. Irin siririn tiyon da magina ke auna lebur da shi yana yi. Sai gorar roba wankakkiya busasshiya, babban sirinji sabo, tsummoki masu tsabta, bokitin ruwa, da ɗan guntun katako. Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, mutum na biyu mai jin magana, wanda zai zauna a kujerar direba.

Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, auna kanka. In ba ka taɓa cire taya da hannunka ba, ko ba ka da abin tokare mota sai jak kaɗai, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kai wa bakanike, ka tsaya a kansa da wannan bayani a ranka, ka ga an yi yadda ya kamata. Jak ba abin amincewa ba ne, kada ka taɓa sa kai ko ƙafa ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita. Wanda ya samu gareji mai rami ya huta, don a motoci da yawa ana isa ga nifil ta ƙasa ba sai an cire taya ba.

Yi aikin da safe, mota a sanyaye, a kan siminti ko ƙasa mai tauri, ba ranar da ake ruwa ko iska na tashi da ƙura ba. Injin a kashe. Shimfiɗa tsumma kewaye da kofin, domin man birki yana cin fenti. In ya ɗiga a jikin mota, kwara ruwa nan take, kada ka goge da busasshen tsumma. In ya fantsama a ido, wanke da ruwa mai yawa ka nemi asibiti.

Aikin kansa

Fara da kofi. Buɗe murfi, cire 'yar rariyar da ke baki in akwai, zuƙe tsohon man da sirinji ka zuba a gora. Kada ka zuƙe ƙarƙaf, bar ɗan kaɗan ya rufe ramukan da ke ƙasan kofin don kada iska ta samu hanya. Cika da sabon mai har MAX, ɗora murfin a kai ba tare da ka ɗaure ba. Yawancin abin da ake kira canjin man birki a bakin titi a nan yake tsayawa, a zuƙe na kofi a zuba sabo a karɓi kuɗi. Alhali man da ya fi lalacewa yana can ƙasa cikin kalifa, inda zafi yake. Aikin gaske yanzu za a fara shi.

Sa guntun katakon nan a ƙarƙashin feda yadda ba za ta kai ƙasa can ba. Dalili shi ne, a tsohuwar mota akwai sashen cikin masta da fistin bai taɓa isa ba a tuƙin yau da kullum, tsatsa da datti sun taru a wurin. In aka tura feda har ƙasa, robobin za su bi ta kan wannan kaushin su yage. Mutane da yawa sun shiga canjin mai da lafiyayyen masta sun fito da matacce saboda wannan kaɗai.

Ƙa'idar da aka saba ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta. A motocinmu masu sitiyari a hagu, wannan na nufin bayan dama, sai bayan hagu, sai gaban dama, a ƙare da gaban hagu. Wasu motocin, ciki har da Honda da yawa, nasu tsarin daga gaba yake farawa, don haka in littafin motar ya faɗi wani jeri, bi nasa.

Sa weji, sassauta notin taya tun tana ƙasa, ɗaga mota, tokare ta, cire tayar. Nifil yana saman kalifa ta baya, ko a bayan farantin diram kusa da inda fayif ya shiga. Cire 'yar hular robar da ke kansa ka adana ta, goge wurin tas. A nan ake bukatar haƙuri. Nifil ɗin da ya yi shekaru ba a taɓa shi ba yakan cije, kuma rami ne a cikinsa, ba shi da ƙwari. Fesa masa man kwance tsatsa, ba shi minti goma ko fiye, ɗan ƙwanƙwasa shi a hankali, sannan ka gwada da sifana mai zobe. Kada ka sa filaya, kada ka ƙara wa sifana tsawo da fayif. In ya ƙi, sake fesawa ka jira. In ya karye a ciki, ƙaramin aiki ya zama neman kalifa a kasuwa.

Da ya nuna alamar motsi, mayar da shi ka rufe. Zura sifanar a kansa, sannan ka cusa tiyo. Ɗaya bakin tiyon ya shiga gora, ka zuba ɗan mai a gindinta yadda bakin zai nutse, don ko an yi kuskure mai zai zuƙo ba iska ba.

Yanzu sai ku daidaita baki da na cikin mota, ko ƙaninka ne ko ɗanka ko maƙwabci. Kalma uku ce tsakaninku. Ka ce, "Buga!" ya taka feda a hankali sau uku ko huɗu, ba da garaje ba. Ka ce, "Danne!" ya riƙe ta da ƙarfi ya amsa, "Na danne." Sai ka buɗe nifil kamar rubu'in zagaye. Mai zai fito ta tiyo, feda za ta sauka a ƙarƙashin ƙafarsa har ta taɓa katako, ya ce, "Ta kai." Ka rufe nifil. Sai bayan ka rufe za ka ce, "Saki!" Duk sirrin aikin yana cikin wannan jerin. In ya ɗaga ƙafa nifil na buɗe, layin zai zuƙi iska, kun koma baya. Gaya masa tun farko, ko waya ce ta yi ƙara a aljihunsa, kada ƙafarsa ta motsa sai ya ji daga bakinka.

Maimaita, idonka na kan tiyo. Da farko za ka ga baƙi ko ruwan ƙasa, wataƙila da ƙananan kumfa. Sannu a hankali zai washe har ya zama kalar wanda ke cikin sabuwar kwalba. Tayar farko ita ta fi cin lokaci don layinta ya fi tsawo, tana iya kai ku zagaye goma ko fiye. Bayan kowane zagaye huɗu ko biyar, tashi ka leƙa kofi ka ƙara mai. Kada ka yi ganganci da wannan. In kofi ya ƙafe masta ya sha iska, aikin ya ninka, kuma a mota mai ABS iskar na iya maƙalewa a cikin na'urar, inda wani lokaci ba ta fita sai an jona kwamfutar gwajin mota ta buɗe bawul ɗin ciki. Duk sanda ka zuba, rufe kwalbar.

In mai ya fito garau babu kumfa ko ɗaya, ɗaure nifil daidai wa daida, ya kama amma ba a murɗe shi kamar notin taya ba. Cire tiyo, goge wurin, mayar da hular roba. Tunda taya na waje, yi amfani da damar ka dubi kaurin fad, ka lanƙwasa tiyon birki ka ga ko ya tsattsage ko ya kumbura. Mayar da taya, ɗaure notin a gicciye, sauke mota, ƙara ɗaurewa. Haka za ka bi sauran ukun.

Wanda bai samu mataimaki ba yana iya buɗe nifil ya bar man ya riƙa ɗiga da kansa yana ƙarawa a kofi. Yana yi, sai dai yana cin lokaci, kuma ba ya korar iskar da ta maƙale kamar yadda bugun feda ke yi. A wasu motoci masu kuloci kuma, kulocin daga kofin birki yake shan mai, yana da nasa nifil a jikin giyabos. In taka irin wannan ce, a zubar da nasa ma a rana guda.

Kafin ka hau titi

Cika kofi zuwa MAX, kada ka wuce, don mai yana buƙatar wurin faɗaɗa in ya yi zafi. Ɗaure murfi. Cire katakon nan daga ƙarƙashin feda, kada a manta da shi. Injin na kashe, buga feda sau da yawa, ya kamata ta yi tauri ta tsaya a sama. Danne ta na rabin minti, kada ta zurare. Kana danne da ita ka tayar da injin, za ka ji ta ɗan sauka kaɗan, wannan daidai ne, tukunyar bayan masta ce ta kama aiki. In har yanzu da laushi, akwai sauran iska, a sake zagaya tayoyin. In an sake kuma ba ta canza ba, motar ba ta fita, a kira bakanike ya zo inda take.

Gwajin farko a cikin layinku za ka yi shi, lokacin da yara ba sa waje, da tafiyar da ba ta fi ta mai keke ba. Taka a hankali, sannan ka taka da ƙarfi, ka lura ko tana ja gefe guda. Dawo ka leƙa kowane nifil ko yana tsattsafo. Washegari da safe kafin ka tayar, duba ƙasan inda ta kwana, ka sake duba kofi.

Tsohon man guba ne. Kada ka zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kada ka bar shi a gorar lemo inda yaro zai gani ya ɗauka abin sha ne, ko inda awaki da kaji ke kiwo. Rufe gorar, rubuta a jikinta, kai wa garejin da ke tara mataccen mai ka gaya musu ko mene ne a ciki. Ragowar sabon kuma, ɗaure bakinsa sosai, in ya yi 'yan watanni da buɗewa kada ka ƙara zuba shi a mota. Daga nan sai ka samu 'yar farar salatif ka rubuta wata da shekara da lambar man da ka zuba, ka manna a cikin bonet kusa da kofin, inda kai ko duk wanda motar ta koma hannunsa zai gani da ya buɗe.